Abin da Ka Ƙara

A Oulu, cikin Disamba, ƙarfe biyu rana ta tattara kayanta.
Na jingine kekena, tayoyinsa fari fat da ƙanƙara,
na hau bene na uku
inda kwamfuta ta kwana tana kwaikwayon amfilifayar da na zana,
wadda ko waya ɗaya ba a riga an narka mata dalma ba.

Allo ya ce: wat ashirin ta sha daga wutar ciyarwa,
wat goma ta miƙa wa eriya.
Rabi ke nan. Hamsin cikin ɗari!
Na doki tebur har gahawa ta fantsama a takarda.

Aulikki Kemppainen na can lungu tana cika kwali,
ranar Juma'a za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya.
Ba ta ko ɗago kai ba.
"Ilmari," in ji ta, "kafin ta yi wannan ihun,
nawa ka sa mata a baki?"

Na duba. Wat biyu na sigina, daga matakin da ke bayanta.

"To, biyun nan na wa ne?"

Shiru. Sai fankar injin gwaji.

Ta zo da fensir guntu, ta juya takardar da ta jiƙe:
goma, a cire biyu, saura takwas.
Takwas a kan ashirin.
Arba'in.
"Mai kanti ba ya ƙirga uwar kuɗi a cikin riba.
Abin da ya fita, ban da abin da aka ba ka,
shi za ka aza a kan wutar da ka ci.
Wancan hamsin ɗin kirari ne."

Na ce bari in ƙara mata sigina, ko ta rama.
Layi ya hau a allo, ya hau,
ya yi tozo, sannan ya soma gangara.
Tiranzista ta ƙoshi.
Ina ɗura mata, tana kallona,
fitarwa ta tsaya cik, shigarwa na ta ƙaruwa,
tazarar da ke tsakaninsu na ƙanƙancewa a idona.

"Ashirin da biyu suka shiga," ta ce, "goma suka fita.
Ina sha biyu?"
Ta nuna min babban yatsanta,
wani tabo mai sheƙi kamar an manna leda.
"Nan suke zuwa. Kwamfuta ba ta ƙuna,
shi ya sa take da saurin yarda.
Ranar da ka taɓa ƙarfen da kanka, gani ya kori ji."

Juma'a aka yanka kek, aka yi tafi, ta sa hular ulu ta sauka.
Na zauna rubuta rahoto.
Ma'aunin wutar ƙofar tiranzista, ita ta zaɓa tun bazara.
Siririn layin tagullar nan, ita ta ce in rage masa rabin milimita.
Har kuskuren da ban yi ba,
don ta riga ni yin sa ne kafin a yaye ni.
Na ɗauki fensirin da ta manta,
na so in yi wa kaina irin wancan lissafi,
na rasa inda zan ja layin ragi.

A gurbin sakamako na rubuta arba'in.

Da zan tafi na leƙa ta taga.
Kan rufin da ke daura da mu, a gindin dogon ƙarfen sadarwa,
ƙanƙara ta rufe komai
sai wani da'ira baƙi kewaye da akwatin rediyo,
ruwa na ɗiga daga gefensa
cikin sanyin da ya kai ashirin ƙasa da sifiri.